Idan Ciwo Ya Faɗa wa Kajin Gida Farat Ɗaya: Yadda Ake Gane Shi da Abin Yi

Da asuba an buɗe akurki, kaji sun fito suna rige-rigen tsaba, amma biyu sun ƙi fitowa. Ɗaya ta takure a lungu, ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa zane, ido a lumshe. Ɗayar kuwa ta riga ta sandare. A yawancin gidajenmu na Kebbi abin da ke biyo baya sananne ne: a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya, a farke a zuba a kaskon ruwa, a daka barkono a ƙara. Wadda ta fi jigata a sa mata wuƙa kada ta yi mushe, sauran kuma a ɗaure su a kai kasuwar Jega ko ta Argungu kafin asara ta cika. Cikin waɗannan dabaru babu wadda ke tsayar da annoba. Yankan da kai wa kasuwa ma su ne ke raba ta gida-gida.

Cututtukan da ke share akurki cikin 'yan kwanaki, wato Nyukasil da ake kira fakat, da murar tsuntsaye, da gumboro, duk ƙwayar bairos ce ke kawo su, kuma babu kafso ko allurar da ke kashe ta a jikin kaza. Masu jin magani kuma, irin su kashin jini da taifot ɗin kaji, kowanne da nasa maganin, na wannan ba ya yi wa wancan. Shi ya sa kuɗin da aka kashe kafin a gane ciwon yawanci zubarwa ne. Aikin ranar farko biyu ne: a raba masu ciwo da masu lafiya, sannan a bi diddigin abin da ya shigo.

Awa ta farko

A fara rufe masu lafiya, kada su fita kiwo yau. Idan akwai wani ɗaki ko keji mai tsabta da kaji ba su kwana ciki ba, su ya kamata a mayar can, domin tsohon akurkin ya riga ya gurɓace da kashi da majina. Marasa lafiya a sa su cikin kwando ko kwali a inuwa, nesa da sauran gwargwadon faɗin gida, kuma a ɓangaren da iska ba za ta kwaso daga wajensu ta kai wa masu lafiya ba. Kowane rukuni da kaskon ruwansa da na abincinsa.

Mai kula da su ya riƙa farawa da masu lafiya, ya ƙare da marasa lafiya, ya wanke hannu da sabulu. A ware silifas ɗaya na shiga wajen marasa lafiya kawai. Tafin takalmi na ɗaukar kashin kaza fiye da yadda ake zato, kuma ɗan guntun kashi ya isa ya kai cutar gidan maƙwabta. Yara ƙanana da mai juna biyu su nisanci wurin.

A zubar da ruwan jiya, a wanke kasko, a zuba sabo. A ɗauke abincin da suke ci a ajiye gefe, kada a zubar tukuna, za a duba shi. Daga wannan lokaci ba kaza mai fita daga gidan, ba mai shigowa: ba sayarwa, ba kyauta, ba aron zakara. A kuma gaya wa maƙwabta su tsare nasu. Ɓoyewa ba ta da amfani, kajin unguwa a juji ɗaya suke tono.

Sai a samu takarda a rubuta: kaji nawa ne duka, nawa suka kamu, nawa suka mutu, yaushe. A riƙa ƙarawa safe da yamma. Wannan lissafin shi ne abu na farko da likitan dabbobi zai tambaya, kuma sau da yawa ya fi duban kazar kanta faɗin gaskiya.

Tambayoyi uku kafin a taɓa kaza

Ta farko: su wa ciwon ya kama? Idan 'yan tsaki ne kawai masu mako 3 zuwa 6, iyayensu na yawo lafiya lau, hankali ya tafi ga gumboro ko kashin jini. Idan manya ne masu ƙiba ke faɗuwa, a tuna da kwalarar kaji, taifot, ko zafi. Idan babba da yaro ne, zakara da ɗan tsako duk lokaci guda, to fakat ce ko murar tsuntsaye ko guba. A duba sauran tsuntsayen gidan ma. Fakat kan kashe kaji ta bar agwagi suna ta harkarsu. Idan kuwa talotalo da zabbi da agwagi duk suna mutuwa tare da kajin, zargin murar tsuntsaye ko guba ya ƙaru.

Ta biyu: da wane sauri? Guba da zafi suna kisa cikin awoyi kaɗan, da yawa a tashi ɗaya, sannan abin ya tsaya cak da zarar an kawar da sanadin. Cuta mai yaɗuwa kuwa hawa take yi: yau biyu, gobe biyar, jibi goma.

Ta uku, wadda aka fi mantawa: me ya canja cikin mako biyu da suka wuce? An sayo sabuwar kaza ko an kawo ta kyauta? An dawo da wadda ba a sayar ba daga kasuwa? An fige kazar kasuwa a tsakar gida, aka watsar da gashi da kayan ciki? An buɗe sabon buhun dusa ko masara? An yi feshin ƙwari ko na ciyawa, an sa maganin ɓera, an shanya irin shuka mai jan hoda? Fakat kan ɗauki kwana 2 zuwa 15 tsakanin shigarta jiki da bayyanarta, galibi kwana 5 ko 6. Kazar da aka sayo ranar Juma'a tana cin abinci garau na iya zama ita ce sanadin mutuwar da aka fara gani ranar Laraba.

Duban kaza a hannu

A sa safar hannu, in babu a zura hannu cikin leda, a rufe hanci da baki. Kafin a kama ta, a tsaya a kalle ta minti biyu: yadda take tsayuwa, yadda take numfashi, ko tana miƙa wuya tana buɗe baki.

A fara daga kai. Tsoron kaza mai lafiya, wato naman nan da ke bisa kanta, ja ne jawur. Idan ya koɗe ya yi fari, jini ya ragu, ko daga kashin jini, ko taifot, ko kaska. Idan ya yi shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi, alama ce mai nauyi. A duba ido da fuska ko sun kumbura, a matsa gefen hanci a hankali a ga ko majina za ta fito, a shinshina. A buɗe baki a leƙa ko akwai wani abu rawaya manne kamar cuku. A kara kunne a bayanta a saurari ƙirji: kaza mai lafiya ba a jin numfashinta, mai ciwo ana jin kurkur ko shaƙewa. Da dare, bayan sun yi shiru, ya fi daɗin saurare.

A shafa jakar abinci da ke ƙasan wuya ta dama. Da yamma a cike take, da safe kafin ci ya kamata ta zama wayam. A shafa ƙashin ƙirji. Idan akwai tsoka cike a gefe biyu, ciwon sabo ne. Idan ƙashin ya fito da kaifi kamar bakin wuƙa, kazar ta daɗe tana fama, yau ne kawai aka lura, kuma a nan tsutsar ciki da ƙwarƙwata da yunwa sun shigo lissafi. A buɗe ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya a nemi ƙwari. A duba ƙafa, wajen ɓawon nan marar gashi, ko akwai jan tabo kamar jini ya kwanta ƙarƙashin fata.

Sai kashi. A shimfiɗa farar takarda ko buhu a ƙarƙashin marar lafiya don a ga launinsa da kyau. Hattara biyu a nan. Kaza mai lafiya ma takan yi wani kashi ruwan ƙasa mai danƙo da wari lokaci-lokaci, wannan ba ciwo ba ne. Kuma duk kazar da ta kwana biyu ba ta ci ba kashinta kan koma kore saboda ruwan matsarmama, don haka koren kashi shi kaɗai bai isa a ce fakat ba.

Fakat

Ita ce babbar mai kashe kajin gida a ƙasar Hausa, kuma lokacinta sananne ne: daga shigowar hunturu, wajen Nuwamba, har zuwa Fabrairu ko Maris, da kuma duk lokacin da kaji ke yawan zirga-zirga a kasuwa, kamar gabanin sallah da ƙarshen shekara. Kaza takan yi sanyi, ta daina ci, ta saki fukafukai, ta yi zawo kore mai ruwa, ta riƙa haki da wani kuka kamar shaƙuwa, yawu mai yauƙi na zuba daga baki. Masu ƙwai su daina, ko su yi ƙwai mai laushin ɓawo. Bayan kwanaki, cikin waɗanda suka tsallake sai a ga masu murɗaɗɗen wuya, kai ya juye sama ko ya shige tsakanin ƙafafu, suna zagaye wuri ɗaya ko tafiya da baya. Wannan murɗewar wuya ita ce alamar da ta fi nuna fakat, sai dai a makare take zuwa. A garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe tara cikin goma, wani lokaci duka.

Ba ta da magani. Sassaƙen maɗaci, barkono, tafarnuwa, ganyen dogonyaro, duk ana ba da su, kuma idan kaza biyu suka rayu sai a ce maganin ne, alhali ko ba a ba da komai ba akan samu masu tsallakewa. Barkono mai yawa ma hana su shan ruwa yake yi, ga su da zawo. Wadda ta kwanta ba ta iya ɗaga kai, a kashe ta a binne, ya fi sauƙi gare ta da sauran. Ga mutum kuwa, yawanci abin da fakat ke yi shi ne jan ido na kwana kaɗan.

Murar tsuntsaye

A nan ne ake son tsayawa da kyau, domin ido ba ya raba ta da fakat mai tsanani, likita ma sai ya aika samfur ɗakin gwaji. Abin da ke sa a zarge ta: kaji su mutu da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wasu ba tare da sun nuna ciwo ba, kai da fuska a kumbure, tsoro da leɓe sun yi shuɗi, ga jan tabon nan a ƙafa. An fara tabbatar da nau'in H5N1 a Najeriya a Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko ke nan a Afirka, ta kuma sake ɓarkewa a 2015 da 2021. A farkon 2007 an tabbatar ta kashe wata mata a Legas. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura ne ke yawo da ita, shi ya sa masu kiwo a bakin fadamar Argungu da Suru da gaɓar Kwara ta wajen Yauri, inda agwagin gida ke iyo wuri ɗaya da na daji, suke da ƙarin dalilin lura.

Idan alamu sun yi kama da haka, kada a yanka, kada a fige, kada a farke ciki. Hatsarin kamuwar mutum ya fi yawa lokacin yanka da figa, kuma aikin nan mata da yara ke yinsa. A sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha mai kula da dabbobi a Birnin Kebbi a ranar. Su ne za su ɗauki samfur su aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Duk wanda ya taɓa kajin, in ya ji zazzaɓi ko tari ko jan ido cikin kwana 10, ya je asibiti ya kuma faɗa musu batun kajin.

Ciwon 'yan tsaki: gumboro da kashin jini

Ana yawan rikita su saboda shekarunsu ɗaya. Gumboro ta fi kama kajin gidan gona da aka sayo 'yan kwana ɗaya ake reno a gida. Tana zuwa farat ɗaya: tsaki su taru wuri guda, gashi a tashe, suna rawar jiki, zawo fari mai ruwa ya ɓata gindi, wasu na tsattsagar duburarsu. Mutuwa ta hau a kwana na 3 da na 4, ta sauka, cikin mako guda ta wuce. Ba magani, sai ɗumi da ruwa mai sinadarin ƙarin kuzari. A guji ba su magungunan salfa a wannan hali, domin ƙodarsu ta riga ta wahala.

Kashin jini kuwa ɗan damina ne da jiƙaƙƙen wuri. Ƙwayar cutar na nuna a danshin ƙasa, musamman gindin kaskon ruwa inda buntun shinkafa ko dusar katako ta jiƙe ta cure. Tsaki su yi fari, su takure, kashi da jini ko ruwan ƙasa-ƙasa mai majina. Wannan yana jin magani sosai in an yi sauri. Amprolium mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, ana zuba giram 1.2 a lita 1 ta ruwa, kwana 5. Ko Toltrazuril mai kashi 2.5, mililita 1 a lita 1, kwana 2 a jere. A karanta ledar, domin ƙarfin hodar ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa Amprolium da bitamin a kasko ɗaya. Maganin na aiki ne ta hana ƙwayar cutar samun bitamin B1, in an zuba mata shi an warware aikin. A ba da bitamin bayan an gama. Kuma in ba a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar ba, ciwon zai dawo.

Masu jin maganin ƙwayoyin cuta

Taifot ɗin kaji, wanda da yawa ke kira farin kashi ko da yake sunan ya haɗa cututtuka da dama, yana kama manya da matasa: tsoro ya koɗe ya yanƙwane, zawo rawaya, ƙishirwa mai yawa, mutuwa ɗaya-ɗaya kullum. Kwalarar kaji kan kayar da manya masu ƙiba dare ɗaya, waɗanda suka jure kuma leɓensu ya kumbura. Ɓeraye na taimaka mata. Murar kumburin fuska tana sa ido ya manne, hanci na zubar da majina mai ɗoyi, tana yaɗuwa da sauri amma ba ta cika kisa ba. Waɗannan ukun likita kan ba da Oxytetracycline ko magungunan salfa ko wani, na kwana 3 zuwa 5, kuma a cika kwanakin ko da sun warware. Waɗanda suka warke daga taifot ko murar fuska sukan ci gaba da ɗauke da cutar, kada a bar su su yi kwanci ko a haɗa su da sababbi.

Ƙurajen kaji, masu ɓawo a tsoro da gefen ido, sauro ke yaɗa su da damina. A shafa aidin, ba sa kisa sai in sun shiga baki sun toshe maƙoshi.

Abin da ba cuta ba ne

Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Kaza ba ta gumi, kuma zafin jikinta kansa wajen digiri 41 ne, saboda haka tazarar da take da ita kaɗan ce. In mutuwar tsakanin azahar da la'asar take faruwa, manya masu nauyi ne ke faɗuwa, sauran na haki baki buɗe da fukafukai a ware, akurkin kuma rufin kwano ne, to zafi ne. A tsoma ƙafafu da cikin wadda ta jigata a ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa. A ɗora zana ko kara bisa kwanon, a ƙara kasake, a ba da abinci da sassafe da bayan la'asar. Babbar kaza kan sha kusan rubu'in lita a yini, da bazara ta ninka.

Guba kuma a ƙasar noman shinkafa ba baƙuwa ba ce: ruwan wankin injin feshi, irin shuka mai magani, ƙwayar takin zamani da kaza ke ɗauka hatsi ce, maganin ɓera. Alamarta zubar yawu, karkarwa, faɗuwa, da mutuwa kusa da inda suka ci. A duba abincin da aka ajiye: masara ko ƙulin gyaɗa mai hunhuna, mai ɗaci ko warin ruɓa, yana lalata hanta. Kajin da suka ci tsutsotsin mushe sukan saki wuya ya yi laƙwas a ƙasa, gashi na tugewa da sauƙi. Wannan sakin wuya daban yake da murɗewar fakat. A nemo mushen a binne. A garuruwan da ake daka dutsen zinariya a cikin gida kuma, mutuwar tsuntsaye gargaɗi ce ga mutane: a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara agwagi ne suka fara ƙarewa kafin a gane gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a 2010.

Akwai kuma kaskar kaji, mai ɓuya a tsagar bangon akurkin laka da rana ta fito shan jini da dare. Kaji su koɗe, ƙafa ta mutu, su ƙi shiga akurki da magariba. Da rana ba za a ga komai ba. A je da tocila bayan isha'i, a zura tsinke cikin tsaga, in ya fito da jini an kama ɓarawon.

Buɗe gawa

Sai in babu zargin murar tsuntsaye. A zaɓi wadda ba ta wuce awa biyu ko uku da mutuwa ba, domin zafinmu na saurin ruɓar da ciki. A jiƙa gashin da ruwan sabulu, a kwantar da ita rigingine bisa leda, a buɗe cinyoyi har su ɓalle, a yanke fata a ɗaga ƙirji. A duba ƙaramin tumbin da ke gab da ƙundu, a tsaga shi a wanke: ɗige-ɗigen jini a bangonsa na nuna fakat. 'Yan hanji biyu masu toshasshen ƙarshe, in sun cika da jini, kashin jini ne. Hanta ta kumbura ta yi launin tagulla mai kore-kore, da saifa babba, taifot ne. Hanta mai ƙananan fararen ɗigo kamar an barbaɗa gero, kwalara. A ɗan tsako, wata 'yar jaka da ke saman dubura ta ciki in ta kumbura ta yi ruwa-ruwa ko jini, ga tabon jini a tsokar cinya, gumboro ce. A ɗauki hoto da waya a wuri mai haske.

Wanda bai saba ba, gara ya kai wa likita. A sa gawa biyu a leda biyu-biyu, a ɗaure, a sa cikin kula da ƙanƙara, kada a daskarar da su, a kai a ranar. Manyan lamura akan tura su asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Jinya

Yawancin kaji marasa lafiya ƙishirwa ke ƙarasa su. A lita 4 ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali 8 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a ba su kwana 2 ko 3, ana sabuntawa kullum. Kada a ƙara gishiri, yana kashe tsaki. Wadda ba ta sha da kanta, a ɗiga mata da sirinji marar allura a gefen baki, ɗigo-ɗigo, tana haɗiyewa. Ɗura ruwa da ƙarfi kan bi ta ƙofar numfashi da ke gindin harshe ya shiga huhu. Abinci mai laushi: dusa jiƙaƙƙiya, tsakin gero, dafaffen ƙwai. Da hunturu a kare su daga iska, a ajiye kaskon garwashi nesa kaɗan, da hanyar fitar hayaƙi.

Maganin da aka zuba a ruwa, masu sauran ƙarfi ne ke shan sa, wadda ta fi buƙata ba ta zuwa kasko, sai an bi ta da sirinji. A haɗa na yini ɗaya kawai, a ajiye a inuwa. Kafson mutane ba a san adadin da kowace kaza ta samu ba, ƙarshenta ƙwayoyin cuta su saba da shi. Chloramphenicol da Furazolidone an haramta su ga dabbobin da ake ci, ko mai shago ya miƙo a mayar masa. Kowane magani da kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko ƙwai, suna rubuce jikin leda. Ƙwan waɗannan kwanaki a binne shi, ba a kai wa mai shayi ba.

Gawa da akurki

Kada a jefa mushe a juji, kwata ko gulbi. Kare da ungulu da shaho za su raba shi unguwa. A haƙa rami mai zurfin mita 1 ko fiye, aƙalla taku 40 daga rijiya, a sa gawa da gashi da shimfiɗar akurki, a zuba farar ƙasa ko toka, a rufe a danne da dutse. A fadama, inda ruwa ke kusa, ƙonewa ta fi.

A share akurki ƙal, a kankare busasshen kashi, a wanke da omo tukuna, domin maganin kashe ƙwayoyi ba ya ratsa datti. Sannan bilic mai ƙarfin kashi 3.5, gwangwani 1 a gwangwani 6 na ruwa, a jiƙe bango da ƙasa da kasake, a bar shi minti 15 kafin ɗauraya. Akurkin laka a cusa kara a babbake cikinsa, a yaɓe tsagogi. Na kara ko zana a ƙone shi gaba ɗaya. A bar wurin rana na dukansa, kada a kawo sabuwar kaza sai bayan kwana 21 aƙalla daga mutuwa ta ƙarshe, wata guda ya fi.

Rigakafi, bayan ƙura ta lafa

Ba a yi wa kaza marar lafiya rigakafi, kuma yinsa a tsakiyar annoba kan zo a makare, domin garkuwar na ɗaukar mako 1 zuwa 2 kafin ta kafu. Rigakafin fakat da ya dace da kajin gida shi ne I-2 da ake yi a Vom, mai jure zafi fiye da sauran, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana ko aljihu. Ɗigo ɗaya ne a ido, ga babba da ɗan tsako duk ɗaya. A riƙe kan a karkace, a ɗiga, a jira ta ƙifta ya shige kafin a sake ta. A yi da sassafe kafin a buɗe akurki, a inuwa, kuma abin da aka haɗa a ƙarar da shi cikin awa 2. Ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4, a tabbatar ɗaya ya faɗo a Oktoba kafin hunturu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida guda, gara gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya.

Mai amfani da LaSota, wani rigakafin fakat ɗin, a ruwan sha ya ɗauke musu ruwa awa 1 zuwa 2 tukuna, ya yi amfani da ruwan rijiya, ba na famfo mai kulorin ba, a kaskon roba marar sabulu, ya zuba madarar gari giram 2 a kowace lita. Tsakin gidan gona a ba su na gumboro wajen kwana 10 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 10 ko yadda takardar maƙyanƙyasar ta nuna. Kwalbar da aka sayo daga shagon da firjinsa ya kwana ba wuta, tana iya zama ruwa kawai, a tambaya kafin a biya, a kuma je da kula da ƙanƙara.

Duk kazar da ta shigo gidan daga yanzu, ta kasuwa ce ko ta kyautar biki, ta yi kwana 21 a keɓe da kaskonta, a ɗiga mata rigakafi a makon farko in lafiyarta ƙalau. Ta yanka kuma a fige ta cikin roba, a binne gashi da kayan ciki da ruwan wankin a ranar.